Ƙofar da Sallau Ya Toshe

Ku matso. Ke Hanne, ajiye gyaɗar nan, ƙarar ta ishe ni.

Kun san laburaren Tudun Marina, mai zankwaye a ka? Tun zamanin kakanninmu aka gina shi da tubali, bango kamu uku, rufin azara bisa tanƙwararrun ginshiƙan nan da magina ke ce wa bakan gizo. A gindin bangon gabas akwai 'yar ƙofa iya gwiwa, wata a yamma, suna kallon juna. Maginan farko sun san a kan hanyar mutanen ɓoye suka yi gini, shi ya sa suka bar musu wurin wucewa.

Da aka tashi gyara, aka ɗauko Sallau magini. Gwani ne, hannunsa ne abincinsa. Sai dai ko bihim bai sani ba, ga kunnen ƙashi. Baba Ilu mai kula da littattafai ya ce, "Ɗana, kar ka taɓa ƙofofin nan."

"Baba, ta nan ɓeraye ke shigowa."

Ya liƙe ta yamma da bulo da siminti.

Ran Juma'a da rana tsaka kowa ya tafi masallaci, Sallau ya tsaya ƙarasa yaɓe. Sai ya ji ana buɗa takarda. Wani tsoho ne zaune gindin kantar littattafai, littafi a cinya.

"Sannu, Baba."

"Mun shigo." Bakinsa bai motsa ba, daga rufi muryar ta sauko. "Ta ina za mu fita?"

Sallau ya dubi ƙasa. Kofaton jaki ne ƙarƙashin rigar.

Ya zabura. Aka cafke ƙeyarsa aka maka shi da bango, haƙora suka zube. Aka ɗaga shi har azara aka saki. Aka ja shi a ƙasa har gaban bulon.

"Buɗe."

"Bari in ɗauko guduma."

"Da hannu ka rufe."

Wallahi ina tausayin bawan Allahn nan. Ya yi ta yaƙushin busasshen siminti. Farata suka fita. Yatsu suka kakkarye, jini har gwiwar hannu, sannan haske ya ɓullo. Ƙafafu masu sanyi suka yi ta bi ta gadon bayansa.

Tsohon ne ƙarshe. Ya tofa masa yawu a ido. "Ladanka."

Tun ranar babu rubutun da ke gagarar Sallau, boko ko ajami. Kullum yana can zaune da littafi a gabansa, yana jiran mai yatsu ya buɗe masa shafi.

Kar wanda ya kuskura ya shiga wurin nan shi kaɗai da rana tsaka. Hanne, da ke nake.