Mai Saƙar Tabarma a Gaban Mai Gari

A can wani zamani, a wani gari da ke gindin dutse, an yi wata mai saƙar tabarma, Kirista ce. Al'adar garin ita ce, duk wanda ya yi babban laifi, ba mai ƙara cin abinci da shi har ya mutu. Ita kuwa kullum sai ta kai wa wani tsoho da aka ware tuwo, su ci tare.

Wata rana aka tare ta da akushi a ka, aka kai ta gaban mai gari. Ya ce, "Ki daina, ko ki bar garin nan."

Ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, in yi tambaya?"

"Yi."

"Da ɗanka ne aka ware, za ka so a kai masa tuwo?"

Mai gari ya kau da kai.

"Ranka ya daɗe, in ƙara tambaya?"

"Ƙara."

"Wa ke nan da bai taɓa laifi ba, ya tashi ya kore ni?"

Ba wanda ya motsa.

Mai gari ya harare ta. "Wa ya koya miki taurin kan nan?"

"Yesu Almasihu. Shi ma da masu laifi ya ci abinci. Kana son jin labarinsa?"

"Ba na so!"

Ta miƙe, ta ɗauki akushinta, ba wanda ya tare ta. Ta kai bakin zaure, sai mai gari ya ce, "Ke! Shi Yesun kuma, me mutanensa suka yi masa?"

Ta waiwayo. "Ranka ya daɗe, taso mu je gidan tsohon. A can zan faɗa maka."