Ciwon Ajalin Madam Loretta

Ranar da Madam Loretta Zielinski ta ji labarin cewa ta kusa mutuwa, tana bisa tsani ne tana sauya ƙwan fitilar kicin.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta sauko ta buɗe, sai ga Noreen, aminiyarta ta coci, rungume da tiren taliya da cuku, idanu sun yi jawur.

"Loretta! Me kike yi a tsaye?"

"A kwance kike so na buɗe miki ƙofa?"

"Wayyo ni... har yanzu bakin bai mutu ba. Dama Fada, limamin cocinmu, ya ce masu ƙarfin hali sun fi kowa ɓoyewa."

A garin nan ba a kai wa mai lafiya taliya da cuku. Tire ɗaya, mura ce. Biyu, an yi maka aiki a asibiti. Ita kuwa firjinta har ya ƙi rufuwa. Da farko ta ɗauka mutane sun tuna da wahalar da ta sha wajen cusa wa 'ya'yansu tarihi a makaranta, har ta ce ashe da sauran masu godiya a duniya. Sai yanzu ta gane.

"Zauna, Noreen. Me aka ce yana damuna?"

"Zuciya... wasu sun ce har ya taɓa hanta."

"Wa ya ce?"

"Kowa ma."

"Kowa ba shi da lambar gida. Ba ni suna."

Noreen ta yi ta murza zoben hannunta, kafin ta amsa cewa daga bakin surukarta ta ji, wadda ke ofishin ma'aikata na masana'antar Pellworth. Ita kuma surukar daga bakin Corinne.

Corinne! Jikarta, wadda ta goya tun tana zanin goyo, wadda suke kwana gida ɗaya.

Madam Loretta ba ta ƙaryata magana kafin ta gwada ta, ko da a kanta aka yi. Washegari ta je wajen likita ta ce ya duba ko tana mutuwa ba ta sani ba. Ya auna nan, ya latsa can, ya ce in ban da gwiwar hagu, zuciyarta ta fi tasa. Ta ce ta san haka, tun yana ɗalibinta ba ya motsa jiki.

Saura dalili. Ruwa ba ya tsami banza.

Masana'antar Pellworth dai tun zamanin kakanni take ƙera bindigogi a gefen kogi. Marigayi Stanley, mijin Loretta, a can ƙarar injuna ta cinye masa kunne. Bana masu ita suka ce sabuwar dokar bindiga ta jihar Connecticut ta shaƙe su, za su kwashe injuna su koma jihar Tennessee. Duk gari ya ɗauka, doka, doka, doka. Loretta ta ce ita fa ta ga dokar, amma ta kuma ga cewa albashin can bai kai na nan ba, sai aka daina zama kusa da ita a coci na ɗan lokaci.

Ma'aikata kaɗan aka ce su biyo, Corinne na ciki. Ita ke zana barewa da furanni a jikin ƙarfen bindigar farauta, hannun da ba a samun irinsa a kasuwa. An ba ta zuwa ƙarshen wata ta amsa. A gida kuwa cewa ta yi ba a zaɓe ta ba, sai daga bakin Noreen Loretta ta ji gaskiya.

Ranar Asabar aka wayi gari ƙanƙara ta rufe ko'ina. Corinne ta fita sayen burodi. Loretta na shan kofi ta ji gurnanin mota a ƙofar gida, ta leƙa. Wendell Pruitt ne, direban motar share ƙanƙara ta gari, dogo mai manyan kunnuwa, wanda ya shekara biyu yana raka Corinne gida bai taɓa furta abin da ya fi "sai da safe" ba. Kwanakin nan kafin ya share babban titi, sai ya fara share ƙofarta.

Ta buɗe taga. "Kai, Wendell! Shigo!"

Ya shigo a hankali, hula a hannu, yana tafiya da kan yatsu kamar mai shiga ɗakin jariri.

"Kaka... ya ƙarfin jiki?"

"Ga shi kana gani. Wa ya sa ka share min ƙofa kafin ta magajin gari?"

"Babu kowa. Na ce dai... saboda motar asibiti. Kada ta zo ta rasa hanya."

"Allah sarki. Ka yi tunani. Sai me kuma ka tanadar min?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Na kai baƙar kwat ɗina wanki da guga."

Kayan zuwa jana'iza ke nan! Loretta ta ajiye kofi a hankali don kada ta watsa masa.

"Zauna. Ci taliya, akwai ta har ta shekara. Yaro, kana son jikata ko ba ka so?"

Cokali ya tsaya a hanya. "Kamar raina, Kaka."

"To me ya ɗinke maka baki?"

"Ai zoben yana mota tun kafin sanyi ya shigo. Ranar da na yi niyya aka fara maganar tashin masana'anta. Na ce in na yi magana yanzu, za ta ce na ɗaure mata ƙafa. Ina cikin wannan sai na ji zancen jikinki. To ina mutum zai durƙusa da zobe a gidan da ake jinya? Sai na ce bari na jira har..."

"Har me?"

"Har... komai ya lafa."

"Har na mutu! Faɗi mana, ai ba zagi ba ne. Wato auren jikata yana jiran gawata, ni kuma ina nan ina sauya ƙwan fitila!"

Daidai nan ƙofa ta buɗe. Corinne ta shigo da burodi a hammata, ta ga Wendell da cokali, ta ga fuskar kakarta, ta juya za ta koma.

"Dawo nan, 'yar nema! Zo ki gai da mara lafiya."

"Kaka, wallahi ni ba haka na ce ba..."

"Me kika ce?"

"Na ce ba kya jin daɗi. Gwiwarki nake nufi!"

"To gwiwar ta yi tafiya. Ta hau zuciya, jiya ta isa hanta. Fada ya bugo waya yana tambayar ranar da zai zo da man shafa wa mai barin duniya. Ke kuma kika ce min ba a zaɓe ki ba."

Corinne ta zube a kujera, hawaye suka ɓalle.

"Matar ofis ce ta tsare ni da ido, wai mene ne dalilina na ƙin tafiya. Me zan ce mata? Na ce ina jiran wani ne da bai ce min komai ba? Duk gari ya yi min dariya?"

Wendell ya miƙe har ya ture kujera. "Ni? Ni kike jira?"

"A'a, motarka nake jira! Shekara biyu, Wendell! Sai da safe, sai da safe, kamar mai gadi!"

"Masoyiyata, ni na ɗauka saboda Kaka..."

"Ni ma na ɗauka saboda Kaka, ashe haya aka ɗauke ni," in ji Loretta.

Corinne ta kamo hannunta, ta kifa fuska a kai. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ba duka ne ƙarya ba, Kaka. In na tafi, wa zai ji in kin faɗi a bene? Ke kika tsaya min lokacin da babu kowa. Duk sanda na ɗauki biro zan sa hannu, sai na gan ki ke kaɗai a teburin nan..."

Loretta ta shafa kan yarinyar, gashin nan da ta sha tajewa ana kokawa.

"Saurara, 'yar lele. Zan yi kewarki, har abinci ya fita raina. Wannan gaskiya ce. Amma ban raine ki don ki zama sandata ba, sanda ana sayar da ita a kantin magani. Kakanki ya ba masana'antar nan kunnensa ya fito da agogon bango na sallama. Ke suna roƙon hannunki, ki je ki sa su biya da kyau. In ba ki son aikin, ki ƙi shi da sunanki. Kada ki ƙi shi da gawata."

"Ina son aikin," in ji Corinne cikin shessheƙa. "Amma shi fa? Me zai share a Tennessee? Ganye?"

Wendell ya gyara murya. "Ai na bincika. Ɗan kawuna yana can da motocin tsakuwa, yana neman direba. Kuma an ce in ƙanƙara ta ɗan barbaɗu kamar gishiri a miya, har makarantu suke rufewa. Ranar nan ni ne sarki."

"Ka bincika? Yaushe?"

"Tun ranar da aka yi sanarwa."

"Shi ne ba ka faɗa min ba?!"

"Ban ga fuska ba..."

"Kai, je ka ɗauko zoben nan kafin da gaske ciwon zuciya ya kama ni!" Loretta ta daka masa tsawa.

Ya fita da gudu, santsi ya kwashe shi a ƙofar da ya share da kansa, ya tashi, ya dawo wando jiƙe da ɗan akwati a hannu. Ya durƙusa a tsakiyar kicin.

"Corinne... hasken idona... ni dai..."

"Na yarda! Tashi, kana jiƙa wa Kaka ƙasa."

Ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya. Loretta ta juya ta fuskanci taga, wai tana duba ko ƙanƙarar ta tsaya, ta daɗe tana dubawa.

An ɗaura auren a farkon bazara, a cocin da aka yi wa Corinne baftisma. Noreen ta ga Loretta tana rawa da ango, ta kama hannun Fada tana hawaye, tana cewa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Kafin mako ya zagayo, duk gari ya san an yi mu'ujiza.

Loretta ba ta taɓa yin ciwon zuciya ba, balle na hanta. Corinne ta karɓi aikin, Wendell yana jan tsakuwa a Tennessee. Masana'antar gefen kogi an rufe ta. Tsohuwar tana nan a gidanta ita kaɗai, tana kewarsu.