Kakan da Aka Binne a Tsaye

Hannu biyu ne suka sauka a kan littafi ɗaya a rumfar tsofaffin littattafai ta kasuwar Dugbe, ɗaya fes, ɗayan baƙi da tawada har ƙarƙashin farce. Littafin ba bango, ba wanda ya san marubucinsa, kuma abin da ya ja Tinuke ke nan. Ita ce ke riƙe da ƙungiyar masu karanta labaran ban tsoro a Ibadan, kowane wata aikinta ta tono musu sabon marubucin da zai tayar musu da tsikar jiki.

"Saki, na riga ka," ta ce.

Mai tawadar ya saki. Ya ce sunansa Folarin, a wata maɗaba'a yake aiki a unguwar Mokola, kuma littafin nan asarar kuɗi ne, tun shafi na tara za ta gane makashin. In tsoro na gaske take nema, ya san wani da ke rubutu bai taɓa bugawa ba. Ta ba shi lambarta, ta jaddada masa cewa don marubucin ne kawai.

Bai gaya mata ya san ta ba. Wata uku yana laɓe a zauren hirar ƙungiyarsu na waya. Ya san ranar da take zuwa Dugbe, ya kuma san 'yar wane ce.

Mahaifinta, Baba Oyelaran, tsohon shugaban makaranta, littafi ɗaya ya buga a duniya, Kasuwar Marasa Inuwa, kuma da shi yake cin suna shekara talatin. Sai dai Lasisi Ajadi ne ya rubuta shi, mai jera haruffa a maɗaba'a, mahaifin Folarin. Ya kai wa malamin ne ya gyara masa ƙa'idar rubutu, sai ya tsinci littafin a kasuwa da sunan wani. Da ya yi magana aka yi masa dariya: mutumin da bai gama firamare ba? Bai sake riƙe alƙalami ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Folarin yana da shekara goma sha biyu ya tsaya a bakin kabarin, ya ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfin shekarunsa.

Labari na farko ya shiga wayar Tinuke ranar Talata. Kafin la'asar ta rubuto:

"Wane mugu ne ya rubuta wannan? Na ƙona miyar ewedu saboda shi. Ka ce masa Allah ya isa, kuma ya turo babi na biyu."

Folarin ya amsa: "Mayyar littafi, ya ji. Ya ce babi na biyu sai kin zo da ƙafarki. Shi zai sayi amala."

A labari na uku ta gano shi ne marubucin. Ta ce duk fatalwar da ke ciki tana ja wa mutum rai kamar yadda shi yake yi. Daga ranar ta sa masa suna Mai Tawada, shi kuma ya gajarce nata ya koma Mayyata. Sukan zauna a bayan maɗaba'a, injin na ƙara, tana karanta masa abin da ya rubuta tana gyara masa ƙarshe, yana musu, daga baya ya bi nata.

An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Folarin bai san zurfin nasa ba sai ranar da ta yi zazzaɓi, ya tarar da kansa a ƙofar kantin magani, ya manta gaba ɗaya da dalilin da ya kai shi Dugbe.

Da ta kai maganarsa gida, Baba Oyelaran ya saurara da fara'a har ta ambaci Ajadi na Mokola. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce 'yarsa ba za ta auri marar takarda ba, ga Dokta Gbenga nan, malamin jami'a, wanda ya yi digirinsa a kan Kasuwar Marasa Inuwa, kuma shi ke shirya bikin cikar littafin shekara talatin.

"Baba ya ƙi," ta rubuta masa. "Yana jin sunan Ajadi ya sauya. Mai Tawada, me ka yi masa?"

"Ki zo ranar Asabar mu gaida gwaggona. A can za ki ji."

Gwaggo Sidikatu, yayar marigayi Lasisi, tana zaune a tsohon gidansu na unguwar Oje tana gyaran barkono. Folarin ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta, Tinuke ta durƙusa a gefe. Tsohuwar ta ɗora masa hannu a ka, ta shiga yi masa kirarin gidansu kamar kullum:

"Jikan masu sha da fasasshen ƙoƙo, ruwan bai zuba ba. Mu muka binne kakanmu a tsaye, don kada ya makara ranar kasuwa."

Tinuke ta ɗago kai. Tun tana shekara tara ta haddace kalmomin nan. Su ne sarkin fatalwa ke furtawa a babi na bakwai na Kasuwar Marasa Inuwa. Dokta Gbenga ya cika shafi ashirin yana yabon hikimar mahaifinta da ya ƙirƙiro su. Ɓarawon ya kwashe kaya har da tambarin mai su, bai sani ba.

A waje Folarin ya gaya mata komai, har da shirinsa na kai Gwaggo wurin bikin ta yi kirarin a gaban jama'a.

"Tun yaushe ka san ni?"

"Tun kafin Dugbe."

"Ashe wuƙa ce ni, kake ta wasawa."

"Da farko."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ni ta fara yanka."

Ta ce in ya tozarta mata uba a bainar jama'a, kada ya ƙara neman ta. Ya tambaye ta da wace fuska zai tsaya a kabarin nasa uban in ya fasa. Ta tari mota ta bar shi da tambayarsa.

Ita ma ta iya ramuwa. A zauren waya ta rubuta cewa sabon marubucin da ta kawo musu ya iya fatalwa, bai iya mutum ba. Sau biyu ta shiga motar Dokta Gbenga ta sa shi ya bi ta Mokola, a hankali, gilashi a sauke. A gida kuwa, duk safiya in ta durƙusa gaisuwa sai ta ƙara da tambaya ɗaya: "Baba, kirarin wane gida ne a babi na bakwai?" Kullum ya ce shi ya ƙirƙira. Kullum ta ce to, ta tashi. Cikin sati uku tsohon ya daina cinye abincinsa.

Da safiyar ranar biki saƙon Folarin ya shigo wayarta:

"Zan zo da Gwaggo, don tana da haƙƙin ganin littafin ƙaninta ana ɗaga shi. Na roƙe ta ta yi shiru, ta yarda. Ban yafe masa ba, Tinuke, kada ki ɗauka na yafe. Ke ce dai ba zan iya bayarwa ba."

Ta karanta sau huɗu. Ta kife wayar.

Ɗakin taro ya cika. Dokta Gbenga ya yi dogon jawabi, sannan ya roƙi Baba ya karanta musu babi na bakwai da bakinsa. Tsohon ya karanta har kan kakan da aka binne a tsaye, ya tsaya, don a nan littafin ya tsaya. Rabin kirarin kawai Lasisi ya rubuta.

Amma ba a fara kirarin gida a gaban 'yar gidan a bar shi a rabi. Gwaggo Sidikatu ta yi alkawari, bakinta ne bai yi ba. Daga kujerar baya muryarta ta ɗauka, ba da ƙarfi ba, ta ci gaba da baitocin da ba wanda ya taɓa gani a takarda, ta jero kakanni har ta sauka a kan Lasisi ɗan Ajadi.

Dokta Gbenga ya ce a fitar da matar nan. Folarin bai motsa ba. Abin da ya jira shekara goma sha bakwai ne ke faruwa, ba da hannunsa ba, kuma ya ji daɗinsa har cikin ƙashi. Tinuke ta tashi daga layin gaba, ta ratsa jama'a, ta durƙusa kusa da tsohuwar. Daga can ta kalli mahaifinta, irin kallon da take masa a gaisuwar safiya.

"Ku ƙyale ta," in ji Baba Oyelaran. "Ta fi ni iko da shi. Lasisi Ajadi ne ya rubuta littafin nan. Ni aya da waƙafi kawai na sa."

Daɗin bai kai Folarin ƙofa ba. Ya ga tsohon yana laluben sandarsa, ba wanda ya miƙa masa, sai shi ya ɗauko ya ba shi. Har yau bai san ko tausayi ne ba, ko so yake mutumin ya ga fuskar Ajadi a kusa.

Dokta Gbenga bai sake zuwa gidan ba. Aka sake buga littafin da sunan mai shi, Folarin ne ya tsaya a kan injin. Tinuke ta ja masa rai wata huɗu cur, ta ce kowane wata na laɓen da ya yi kafin Dugbe sai ya biya shi, da ɗaya na ribar ƙarya. Saƙonta na sulhu gajere ne:

"Mai Tawada, ƙarshen labarin nan naka bai yi ba. Zo in gyara maka."

Ranar baiko abu ɗaya ya rage, wanda a al'adarsu ba angon da ke tsallake shi: ya kwanta a ƙasa, shi da abokansa, a gaban uban amarya. Folarin ya daɗe a tsaye. Matar da ke jagorantar bikin ta ce ko sitaci aka sa wa gwiwar ango? Aka yi dariya. Ya dubi Tinuke, ya kwanta, ƙirji da haɓa a ƙasa, a gaban mutumin da ya karya mahaifinsa.

Hannu ya sauka a kansa. Baba Oyelaran ya fara kirarin gidan Ajadi, ya wuce kakan da aka binne a tsaye, ya kai shi har ƙarshe. Sati uku yana zuwa Oje koyo, Gwaggo na sa shi maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya, ba ta taɓa ba shi kujera ba.

"Allah ya ba ku 'ya'yan da za su amsa wannan kirari," ya ce. "Ya sa kowannensu ya ci sunansa da guminsa."

Gwaggo ce ta fara cewa amin.