In Kwafa ko In Kwashe?

Ku matso, ku rage murya. Ke Barira, ajiye wayar nan.

Malam Tasi'u ƙaramin malami ne a wata jami'a, kimiyyar kwamfuta yake koyarwa. Ambaliya ta cinye gadar garin, ɗalibai suka maƙale a gidajensu, ga jarrabawa ta ƙarato. Shugaban sashe ya ce masa, "Ko darussanka su hau yanar gizo kafin gobe, ko ka nemi wani aikin."

Bawan Allah ya wuni yana fama. Da ya fara ɗorawa sai sabis ya ɗauke. Ɗalibai sai kira suke, wata har da kuka. Hankalinsa ya tashi ainun. Da almuru ya rungumi kwamfutarsa ya nufi bayan tsohon ɗakin gwaje-gwaje, inda aka ce sabis ya fi ƙarfi. Ko masu gadi ba sa bi ta nan.

Ya tarar da wani dogon tsoho a tsugune. Ya yi sallama.

"Yanar gizo kake nema?" in ji tsohon. Yana gabansa, amma muryar ta bayan Tasi'u ta fito.

"Ita fa, baba. Na shiga uku."

"Mu ke saƙa ta. Kawo."

Tsohon ya karɓi kwamfutar, yatsunsa sirara, da sanyi kamar ruwan randa. Hasken kwamfutar ya sauka ƙasa, Tasi'u ya ga kofato a ƙafafun tsohon. Wallahi ya gani sarai. Amma ya tuna yarinyar da ke kuka, ya tuna aikinsa, ya kau da kai.

"In kwafa, ko in kwashe?" in ji tsohon.

Kun ji fa! Mutumin da kullum yake jan kunnen ɗalibai kan bambancin biyun nan: kwafi yana barin na asali, kwasa kuwa ba ta barin komai. Garaje ya sa ya ce, "Kwashe duka, baba, duk abin da nake da shi."

Wani abu mai danƙo ya shafi goshinsa. Ya ɗago, ba kowa, sai yanar gizo-gizo da ta lulluɓe kwamfutar.

Da safe komai ya hau, har darussan da bai kai ga rubutawa ba, waɗanda ke cikin kansa kawai. Ɗalibai suka ci jarrabawa. Da suka dawo, ya tsaya gaban allo, ya buɗe baki, wayam. Ko kunna kwamfuta bai iya ba.

Har yau yana nan, a kujerar baya, yana karanta darussansa yana tambayar ɗalibai me suke nufi.

Kada in ji ɗayanku ya bi bayan ɗakin nan shi kaɗai, komai ƙarfin sabis ɗin.