Gurbin da Aka Bar wa Sajan

Ranar da abin ya faru, Auta ta rufe shagon ɗinkinta da wuri don ta kai mahaifinta gashin ƙafa a asibiti. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a keken guragu yake, kuma ita ce mai tura shi. Yayyenta maza duk sun yi nisa, sai gaisuwa ta waya. Mutanen layi Sajan suke ce masa, don ya yi soja a ƙuruciyarsa, har ya je yaƙin da yanzu sai a littafin makaranta ake jin labarinsa. Tsufa ya taɓa masa kai. Wata rana ya gane ta, wata rana ya kira ta Yaya, ya tambaye ta ko Inna ta dawo daga kasuwa.

Layi ya yi tsawo a asibiti, ba su fito ba sai da rana ta yi ja. Ga shi an haƙe babban titi ana sa bututun ruwa, keke ba zai bi ba. Ko dai ta yi dogon zagaye ta bayan tasha, ko ta ratsa tsohuwar maƙabarta, wadda ƙofarta ta baya ke kallon layinsu.

Da rana maƙabartar ba abin tsoro ba ce. An daɗe da daina binne kowa a cikinta, ta zama wurin ziyara. Ɗalibai na zuwa da malamansu su ga kabarin alƙalin farko na birnin, da na likitar da ta mutu tana jinyar masu annoba, da na attajirin da ya gina kasuwa. A tsakiya akwai doguwar hasumiyar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, fararen duwatsu jere a gabanta sahu-sahu. Baba ne kaɗai bai taɓa yarda a bi da shi ta nan ba. Ko ta jikin katangar suka wuce, kau da kai yake yi.

Amma barci ya kwashe shi, haɓa a ƙirji. Ita kuma bayanta kamar zai tsage don gajiya.

Ta tarar da mai gadi yana jan ƙyauren gaba.

"Kin makara, ’yata," in ji shi. "Wuce in rufe, sai in zagaya da babur in jira ki a ƙofar baya. Ki miƙe kawai, ban da karatun duwatsu."

"Wa ke da lokacin karatu, Kawu? Ko tukunya ban ɗora ba."

Ya yi dariya, ya rufe ƙofar a bayanta.

Hanyar shimfiɗe take da tubali, manyan itatuwa sun yi mata rumfa. Ana jin ƙanshin ciyawar da aka yanke da safe. Tayar hagu tana ƙara ƙii, ƙii, kamar kullum. Ta wuce kabarin alƙali, ta wuce na likita, inda wasu furanni suka yi yaushi a cikin kwalba.

Sai da ta hango hasumiya ta lura ba ta jin motoci. Birni guda a bayan katanga, amma ko hon ɗaya babu. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan itatuwa su ma sun yi tsit.

Ƙanshin ciyawa ya gushe. Wani wari ya maye gurbinsa, warin jiƙaƙƙen kaki da man bindiga da ƙasar da aka tona.

Ta ƙara sauri.

Can ƙasa-ƙasa ta ji busar begila, siririya, kamar daga cikin rijiya. Baba ya ɗaga kai.

"Tsaya," ya ce.

Muryar ba irin tasa ba ce ta yanzu, mai rawa da cin harufa. Murya ce tsayayya, ta mutum mai ƙarfi.

"Baba, mun kusa gida."

"Na ce ki tsaya. Ba a ratsa fareti."

Ta dubi gefen dama. A bayan kowane farin dutse akwai mutum a tsaye. Ba ta ga zuwansu ba. Dogaye da gajeru, hannuwa a manne da cinya, kakinsu yana ɗigar ruwa. Hulunansu sun rufe goshi, kuma a ƙarƙashin hular duhu ne kawai, ba fuska.

A sahun gaba akwai gurbi, daidai faɗin mutum ɗaya.

Wani a gindin hasumiya ya fara kiran suna cikin raɗa. Ba ta jin sunayen sosai, amsar take ji. "Ga ni." Na kusa da shi ma, "Ga ni." Amsar tana tafiya daga dutse zuwa dutse, tana matsowa.

Ta tura keken. Tayoyin sun ƙi motsi, kamar an kafe su a ƙasa.

Sai aka kira sunan mahaifinta. Sunansa na yanka, wanda tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ji wani ya furta ba.

Baba ya dafa hannun keken ya miƙe.

Mutumin da sai an ɗaga shi a kai shi banɗaki, ga shi tsaye ƙyam. Ya ɗaga ƙafar da ta mutu, ya taka. Ya sake takawa.

Auta ta sha gabansa ta rungume ƙugunsa. Jikinsa sanyi ƙalau, nauyi kamar ƙarfe. Janta yake yi, gwiwoyinta suna gurzar tubali.

"Baba, ni ce. Auta ce."

Bai dube ta ba.

Ta so ta yi addu'a, harshenta ya sarƙe, sunan Allah kaɗai take iya maimaitawa.

Mai kiran suna ya baro gindin hasumiya. Takunsa a hankali. Ya tsaya dab da bayanta, har ta ji sanyinsa a ƙeyarta, ta ji ruwan kakinsa yana ɗiga a dugaduganta.

Ba ta waiwaya ba.

"Ku yi haƙuri," ta ce cikin raɗa. "Ba shi da lafiya. Shi kaɗai ya rage mini."



Baba ya sunkuyo ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗaga shanyayyen hannunsa ya sara wa abin da ke bayanta, ya faɗi wata magana gajeriya da ba ta ji ba.

Nan take nauyin ya sake shi, ya sulale a kanta kamar tsumma.

Ta saɓa shi a baya, ta bar keken, ta zura da gudu.

A bayanta duk sahun ya buga ƙafa lokaci ɗaya. Ƙasa ta amsa.

Suka biyo ta. Ba gudu suke ba, tafiyar fareti ce, amma tazarar raguwa take.

Takalminta ɗaya ya fita. Ta hango fitilar babur.

Mai gadi ya fizgo su waje, ya banko ƙyauren, ya sa sarƙa. Takun ya zo har jikin ƙarfen ya tsaya. Sai ga ƙarar motoci ta dawo gaba ɗaya, da kukan wani jariri a gidan da ke kallon ƙofar.

Auta ta zube a bakin kwalbati tana haki. "Matattun ne, Kawu?"

"Matattu suna kwance abinsu," in ji shi, yana danna kwaɗon. "Mutanen ɓoyen da suka tare a wurin ne. Sun daɗe tare da su, har sun ɗauki halinsu. Tashi in taya ki kai shi gida."

Washegari aka samu keken a sahun gaba, a cikin gurbin nan, yana fuskantar hasumiya. Auta ta ce a bar musu, ta nemo wani.

Ƙafar Baba ba ta sake motsi ba. Amma kansa ya washe. Ya daina kiranta Yaya, ya dawo yana tsokanarta a kan gishirin miya, yana tambayar yadda ɗinki ke tafiya. Wata yamma tana yanke masa farce ta daure ta tambaye shi abin da ya gaya musu.

"Hutu na roƙa," ya ce. "Na ce ina da yarinya a gida."

"Na kwana nawa suka ba ka?"

"Soja ba ya tambayar wannan, Auta."

Daga ranar, kullum rana ta yi ja sai ya sa ta miƙo masa baƙin takalminsa na fita. Ya goge shi da hannunsa mai lafiya har ya yi ƙyalli, ya ce a ajiye masa a bakin ƙofa. Da abin ya ishe ta, ta ɗauke takalmin ta kai shago, ta kulle shi a durowar keken ɗinki, ta ce masa yana wurin mai gyara.

Da safe ta buɗe ƙofar ɗakinsa, ga takalmin a ajiye, ƙafa biyu a jere, bakinsu yana kallon waje. Ɗanyar ciyawa ta manne a ƙasansu.