Hoton da Inna Ta Wanke

Hindatu na fitowa da kwanon kunun mijinta ta hango wani abu a igiyar shanya yana ɗigar ruwa. Hoton ƙirjin mijin nata ne, Malam Idirisu, wanda ta yi wata uku tana adanawa a ƙasan akwatin lefenta. Surukarta, Inna Iyatu, ta jiƙa shi a ruwan zafi, ta dirje shi da soso har ya koma fari fat.

"Na wanke tabon nan da ke cin ɗana," in ji Inna. "Ke kuwa, muna dawowa daga asibiti gobe ki tattara ki koma gidanku Kiyawa. Tunda kika shigo gidan nan yake tari."

Wayyo Hindatu! Ita kaɗai ta san ƙanjamau ce ta karya masa jiki har ciwo ya sauka a huhu, ya kuma roƙe ta ta rufa masa asiri. Ga shi likita ya ja mata kunne kan hoton, domin sai an jera shi da sabo za a gane ko maganin tarin fuka na aiki, ko wani ciwon ne daban. Ba korar ce ta fi ƙona mata rai ba, tunanin wa zai riƙa tallafo kansa in tari ya sarƙe shi ne.

Washegari a asibitin Dutse likita ya manna sabon hoto a allon fitila, ya miƙo hannu a ba shi tsohon. Yana zaro shi daga ambulan ya hau faɗa, wane ne ya yi wannan ɓarna? Inna ta yi tsuru-tsuru a kan benci.

"Ni ce, likita," in ji Hindatu, kanta a ƙasa. "Rashin sani ne."

Ya wanke ta tas a gaban jama'a, ba ta ɗago ba. Tun daga ranar Inna ba ta sake tayar da zancen Kiyawa ba. Bayan sati uku Idirisu ya cika, kansa a cinyar matarsa.

Ran sadakar uku dangi suka fara gunaguni, wai a fitar da Hindatu, ita ta kawo cutar. Inna ta miƙe, ta tare ƙofar ɗakin.

"Yarinyar da ta ɗauki laifina ta aza a kanta? Wallahi sai dai ku fitar da mu tare."

Haƙuri bai dawo wa Hindatu da miji ba, amma ya ba ta uwa. A ɗakin Inna ta yi takaba, tabarmarsu ɗaya.