Motar da Ke Baya

"Kowa ya kwanta! Na ce kwanta!"

Damisa, shugaban 'yan fashi, ya saki harbi sama, duwatsu suka amsa ta ko'ina. Likita yana tsakiyar naɗe tanti da hantsi, ya zube rub da ciki da igiya a hannu. Matarsa ta danne 'yarsu a ƙirji. Butar shayi ta kife a wuta.

"Gajere, makullai! Wayoyi! Yi sauri, dalla!"

Ba kuɗi aka zo nema ba. Motoci biyu ne, sababbi fil, irin masu hawan dutse su keta rairayi. Likita ya saci kallon ɗan fashi na uku, wanda ya rufe fuska bai ce uffan ba. Tsayuwarsa kawai ya gani, ya gane shi.

"Jagora? Kai ne?"

Shi ne kuwa. A garejinsa ake shirya motocin masu son kwana a hamada da tsaunuka, kuma shi ya tsara wa Likita wannan tafiyar. Ya shimfiɗa taswira a kan mota, ya nuna masa rijiyar ƙarshe, da inda waya ke daina kamawa, da kwarin da za su kafa tanti. Ya koya masa rage iskar taya kafin shiga rairayi, don tayar ta baje ta hau kai, kada ta tona. Ya sa shi ya bar wa yayarsa taswira, ya riƙa aika mata saƙo da wayar tauraron ɗan'adam kullum da rana. Sannan ya ba shi dokar da ta fi duka: kowane direba mai gadin na bayansa ne. Ka duba madubi ba ka ga motar baya ba, ka tsaya.

Wannan dokar ce Damisa ya karya bara. Auta, ƙanen Jagora, shi ke tuƙa masa motar baya a wata harka, motar ta kafe, Damisa ya ƙara wuta. Jagora da kansa ya gano gawar a ƙarƙashin mota, yaron ya shanye har ruwan lagireto. Damisa bai san Jagora da Auta 'yan'uwa ne ba. Rannan da ya kawo gyara, da dariya ya ba da labarin.

"Ina hango shi a madubi yana ɗaga hannu, kai ka ce tasi yake tarewa!"

Gajere ya yi ta ƙyaƙyata har da riƙe ciki. Jagora ya ci gaba da ɗaure noti. Kafin a gama gyaran ya kawo musu harkar Likita, da hanyar guduwa ta cikin rairayi zuwa kan iyaka. Mai ba zai kai ba, don haka tun kafin ranar suka je tare suka binne jarkoki a gindin wani baƙin dutse.

Yanzu Damisa ya ɓarke tayoyin tsohuwar motar da suka zo da ita, tau! tau! Jagora ya sauke wa Likita jarkar ruwa.

"Kai, sadaka ka zo yi?"

"Akwai yarinya, Oga."

"Mu fece!"

Rana ta take, saƙon Likita bai shigo ba. Yayarsa ba ta tsaya jiran komai ba, ta faɗa ofishin 'yan sanda da taswira a hannu.

"Hajiya, ƙila caji ne ya ƙare," in ji Sufeto.

"Ƙanena ko abinci ya manta ba ya manta saƙon nan! Ga inda suka kwana. Ku tashi!"

Sufeto ya dubi taswirar, ya dube ta, ya ɗauki hularsa.

A daidai lokacin, motocin biyu sun sauko daga tsauni sun tsaya a bakin rairayi. Zafi ya yi zafi. Damisa ya miƙe ƙafa a cikin sanyin mota, ya ce aikin taya na bakanike ne. Jagora ya rage tasa iskar sosai. Ya koma motar Damisa, ya tsuguna gaban kowace taya, fuuu, ɗan kaɗan, ya mayar da murfi. Shebur, igiyar ja, faifan ƙarfen da ake sa wa taya, jarkokin ruwa, duk ya kwashe su zuwa tasa.

"Don motarku ta yi sauƙi, Oga."

"Shege, ka san aikinka!"

Jagora ya shiga gaba. Tudu ɗaya, tudu biyu, sannan ya karkata cikin wani kwari mai rairayi laushi kamar gari. Motarsa ta bi ta kai sumul ta haye. Ta Damisa ta shigo da ƙarfi, ta yi gurnani, tayoyi suka fara tona. Damisa ya taka totur, ta ƙara nutsewa, ya sake takawa, cikinta ya zauna daɓas!

Jagora ya tsaya a kan tudu, inda harsashi ba ya kaiwa. Wayar oba-oba ta ɗau ihu.

"Jagora! Mun kafe! Dawo da igiya!"

"Ina ganinka a madubi, Oga. Ɗaga hannu mana."

"Wane irin iskanci ne wannan?"

"Ɗaga sosai, kamar mai tare tasi. Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Sai muryar Gajere ta shigo wayar.

"Yaya, don girman Allah! Ni me na yi?"

"Dariya ka yi."

Harbi ya tashi, tatatata! Rairayi kawai yake tashi a gindin tudu. Da harsashi ya ƙare, Damisa ya karɓi wayar, kuma abin mamaki dariya yake.

"To ji nan, bakanike. Man da muka binne, na koma na sake masa wuri. Ni ban taɓa yarda da ɗan'adam ba. Ba ni, ba mai. Dawo ka ja mu, mu tsallaka tare, a manta komai."

Jagora ya dubi allurar mai. Ya san Damisa ba ƙarya yake ba. Idan ya koma, ƙila ya tsira. Idan ya wuce, ƙishi ne ko kurkuku. Ya tuna leɓunan Auta yadda suka tsattsage. Ya kashe wayar, ya kama madubin ya ɓalle shi, ya wurgar ta taga.

A gindin baƙin dutse ya tarar da rami, babu ko jarka ɗaya. Ya ja motar har ta yi tari ta mutu. Iska ta taso ta share sawun taya kaf. Ya yi ta lallaɓa ruwansa har ya ƙare, sannan ya rarrafa ƙarƙashin mota ya kwanta, yadda ya sami ƙanensa.

A nan Sufeto ya tsince shi da sauran numfashi. Sun riga sun kwaso Likita da iyalinsa lafiya, kuma Likitan ne da kansa ya ɗiga masa ruwa a baki.

"Ina sauran biyun?" in ji Sufeto. "Hamadar nan ba ta da iyaka. Nuna mana, ƙila suna da rai. Kai ma a sassauta maka."

Jagora ya kawar da kai.

"Kai ka koya mini," in ji Likita cikin takaici. "Ka ce ba a barin na baya."

"Na koya wa Auta ma. Shi ya sa bai bar gindin motar ba, yana jiran a dawo."

Aka sa masa ankwa. Gareji ya tafi, suna ya tafi, tsohuwarsu da ta haifi maza biyu ta rasa mai kai ta asibiti. Sufeto ya sake tambaya a hanya, ya sake a ofis, alƙali ma ya tambaya. Amsar Jagora ba ta canza ba.

"Ranka ya daɗe, motata ba ta da madubi."